Ranar da Na Rantse Babu Turotuwar a Gindin Bedi

Ko da tsufa zai share mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ja komiser na ƴan sanda da rabin mutanen tasha a bayana, a tsakiyar garin Madawa, don in nuna musu abin da na rantse babu shi ba. Har yau in na tuna sai in ji fuskata ta ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Nakan fara ba da labarin da dariya, sai dai dariyar ba ta cika raka ni har ƙarshe ba.

Ni direba ne, ko in ce direba nake a da. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙi. Na fara da kamyo, wato babbar motar kaya, a Keita, garinmu, lokacin aikin farfaɗo da ƙasa, ina kwasar duwatsu zuwa inda mata suke jera su a kan tuddai. Daga baya na gangaro Madawa na kama ƙaramar bas ta wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, ina bin kasuwanni: yau Bangi, gobe Tama, jibi Buza. Da Alhaji ya rasu sai motar ta koma hannun ɗansa Isuhu, wanda ni na riƙa kai shi lakkwal, wato makarantar boko, yana ƙarami, har yau kuma Baba yake ce mini. A duk shekarun nan ɗan sanda bai taɓa rubuta mini takardar tara ba. Ban taɓa take ko akuya ba (zabuwa ɗaya ce, a hanyar Tama, ita ma ita ta faɗo mini). Wannan tarihi shi ne duk abin da na mallaka, kuma ban bar kowa ya manta da shi ba. Ko gaisuwar rasuwa na je, sai na san yadda na yi na sako shi cikin zance.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, kusan shekara biyu ke nan idanuna suna cin amanata. Ba duhu ne ya rufe ni gaba ɗaya ba. Abin da ke gabana sosai ina ganinsa, har lambar motar da ke gabana ina karantawa. Gefe ne ya tafi, da ƙasa, musamman ɓangaren dama, kamar mai leƙen duniya ta bakin tulu. Na sayi maganin ɗigawa a tebur, na sa kwalli, na sha rubutu. Likita ne kawai ban je wurinsa ba, don na san abin da zai ce, kuma na san ranar da maganar ta kai kunnen Isuhu, ranar zan ajiye makulli. Mutumin da ya wuce sittin, ba gona ta kirki, ba wata sana'a, in ya ajiye makulli me zai ɗauka?

Sai na koma tuƙi da hadda. Hanyoyin nan a kaina suke. Na san inda rami yake bayan an wuce rijiya, na san inda ƙorama ta cinye gefen hanya, na san ƙauyen da jakuna suke kwanciya a tsakiyar titi. Abin da ido ya kasa kawo mini sai ƙwaƙwalwa ta cike. Ina tafiya a hankali, ina ta juya kai dama da hagu kamar kazar da ta ji motsin shaho, fasinjoji kuwa suna ta yabo, wai ba direba mai natsuwa kamar Baba. Ni kuma ina karɓar yabon ba kunya.

To, hadda tana da aibi ɗaya: ba ta san an yi sabon abu ba.

Yayana ya rasu a Keita da kaka, na je na zauna har aka yi sadakar arba'in, na taya iyalinsa shigar da hatsi. Wani ya riƙe motar kafin in dawo. A cikin kwanakin nan ne meri, hukumar gari, ta gyara titin da ya bi ta bakin kasuwa, aka yi masa turotuwar, wato ɗan dandamalin nan na gefen titi da ake yi don masu tafiya a ƙasa. Ba wanda ya ga dalilin gaya mini. Wa zai tsaya yana ba mai ido labarin abin da ke shimfiɗe a fili?

Ranar da na koma aiki, na taso daga Bangi da rana tsaka, mota cike da mata ƴan kasuwa da buhunansu. Akwai wani itacen bedi a bakin kasuwa inda na saba ratsewa in sauke su a inuwa, don kada su yi nisa da kaya. Shekara ashirin da ɗoriya ina yin haka. Na hango kan bedin, na karya hannu dama yadda na saba. Sai ji na yi gaba ya yi sama, ƙasan mota ya daki wani abu, matan suka ɗauki salati gaba ɗaya, har wata tana kururuwa. Na ce a raina, mata dai akwai son ƙara wa miya gishiri, ɗan dutse ne wani kamyo ya zubar. Na ƙara wuta na haye, na tsaya a inuwa.

Ban ga lokacin da ta iso ba. Sai dai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi, na waiga na ga ƴar sanda, matashiya, ba za ta girmi autata ba. Ta sara mini da ladabi.

"Baba, sannu da aiki. Motarku bisa turotuwar take."

"Bisa mi?"

"Turotuwar, Baba. Wurin masu tahiya ƙasa."

Na ce, "Ɗiyata, wurin ga tun ba a haihe ki ba nika tsayawa. Rairai na, sai dutse guda da wani yaz zubda."

Ta dube ni. "Ku sabko ku gani, Baba."

Da na sauka, da labarin nan ya ƙare a nan, da kuma ban sami abin ba ku ba. Amma tsohon direba ba ya sauka don yarinya ta ce ya sauka (dokar nan ba ta cikin littafin tuƙi, mu muka ƙirƙiro abarmu). Na miƙa mata takardun ta taga ina kallon gaba. Ta riƙe permi, wato takardar tuƙina, ta rubuta tara ta ba ni, ta ce in je komisariya, ofishinsu, in biya in karɓa. Matan suka sauka ba wadda ta yi mini sallama, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ja da baya, motar ta sake dirowa daga kan dutsen nawa, na lallaɓa zuwa tasha raina a ɓace.

A tasha na tara jama'a. Na ɗaga takardar sama ina faɗa, ina cewa an zalunce ni, an ɓata mini tarihin shekara talatin da ɗaya a kan abin da babu shi. Direbobi suna zaune a benci, duk sa'o'in ƴaƴan cikina, kowa ya sunkuyar da kai. Wanda na kalla sai ya ce, "Gaskiyarka ta, Baba." Dukansu ta titin nan suke bi kullum. Dukansu sun san akwai turotuwar, wasu ma da su aka yi rigimar tayar da masu tebur lokacin aikin. Amma a wurinmu yaro ba ya duban mai furfura a cikin taro ya ce masa ba haka ba ne. Kara suka yi mini, ni kuma na ɗauke ta a matsayin shaida.

Nomau ne kaɗai ya gwada. Shi ne shugaban sandika, wato ƙungiyarmu ta direbobi, kuma sa'ana ne, tare muka yi ƙuruciya. Ya ja ni bayan rumfa.

"Kai dai ka biya mu huta," in ji shi. "In ko ba ka biya, ka ce ma komiser magazan ɗin ajiyar kaya da ke bayan bedi za ka shiga ka sabke kaya. Doka ta yarda a ƙetare turotuwar in gida za a shiga ko garaji. Hawa bisa nai a yi tahiya ko a tsaya, shi na anka hana. Ka hwaɗi haka, ni san yadda za ni yi da sauran."

Na ce, "In ƙetare mi? Abin da babu? Nomau, da hurhurata kaka so in yi ƙarya?"

Ya kaɗa kai. Ya ce Allah ya kai mu gobe.

Isuhu ya kira ni a waya ya ce in bari shi zai aika a biya, abin bai taka kara ya karya ba. Na ce masa in ya biya, to ya yarda ke nan ni mai laifi ne, kuma uban da ya haife shi bai taɓa yi mini haka ba. Ya ba ni haƙuri, shi da ba abin da ya yi. A gida kuma Dije, matata, ta saurare ni har na gama, tana tsince wake. Matar nan ta daɗe tana kawar da turmi da buta da kujera daga hanyata ba tare da ta ce uffan ba, ni kuma ina yi kamar ban lura ba. Ta ce, "Malam, ka bar Isuhu shi biya. Wani abin in anka tona shi, ba shi ruhuwa." Na ce mata mata ba su san harkar mota ba.

Bari in faɗi gaskiya, tunda yanzu ba abin da ya rage da zan ɓoye. Can cikin raina na fara jin tsoro tun lokacin da Nomau ya yi maganar ƙetarewa. Amma lissafin a bayyane yake: in akwai turotuwar, to ban gan shi ba, in kuwa ban gan shi ba, to tawa ta ƙare. Saboda haka dole ne ya zama babu shi. Da na so, da na biya ta bakin kasuwa da la'asar na taɓa da ƙafata. Sai na hau babur ɗin wani ɗan kabu-kabu na ce ya bi da ni ta bayan gari.

Washegari na sa rigar Juma'a da sabuwar hula, na tafi komisariya. Nomau ya raka ni don aikinsa ne, Isuhu kuma ya zo don kunya. Komiser mutum ne mai haƙuri, ya ba ni kujera, ya sa aka kira ƴar sandan ta tsaya a gefe. Ya bayyana mini cewa ina da damar ƙin yarda da tara, in faɗi hujjata, in bai gamsu ba kuma ni ban gamsu ba, magana ta wuce gaban alƙali. Ya ce turotuwar na masu ƙafa ne, mota ba ta hawa, babur ba ya hawa, ko da titi ya cushe. Sannan ya tambaye ni ko wani uzuri ne ya sa na hau, ko birki, ko kauce wa haɗari. Ƙofa ce ya buɗe mini a fili, Nomau har yana taka mini ƙafa.

Ni kuwa na miƙe tsaye na yi huɗuba. Na faro daga Keita da duwatsunta, na bi ta Tama da Bangi, na lissafa manyan mutanen da na taɓa ɗauka. Na ce yaran yanzu ana ba su kaki kafin a ba su hankali (Allah ya yafe mini, tana tsaye tana ji). Na rufe da rantsuwa cewa a gindin bedin nan babu komai sai rairayi.

Komiser ya dubi Nomau, Nomau ya dubi silin. Ya dubi Isuhu, Isuhu yana kallon takalminsa. Sai ya ɗauki hularsa ya ce, "To Baba, wurin ba nisa. Mu je ku nuna mini."

Hausawa suna cewa in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Ni ban taka komai ba na kira wasan. Muka fito a ƙasa, ni ne a gaba. Kafin mu kai bakin kasuwa labari ya riga mu, direbobi sun taso daga tasha, masu shaguna sun fito ƙofa, masu kabu-kabu sun kashe injin. Ganin jama'a ya ƙara mini ƙarfi. Na kafa idona a kan bedin, don shi ne alamar da na sani, ina tafe ina ɗaga murya, ina waiwayen komiser ina cewa, "Ga wurin nan, ranka shi daɗe! Ku duba da kanku! Ina turotuwar ɗin? A nuna mani shi!"

Ban rufe baki ba ƙafata ta daki wani abu mai tauri. Rigar Juma'a ta naɗe ni, na tafi gaba ɗaya, na faɗi rub da ciki. Haɓata ta bugu, hula ta yi nata wuri. Da na buɗe ido, hancina yana kan siminti. Tafin hannuna duka biyu suna kan siminti mai zafi, shimfiɗaɗɗe, an jera shi tsaf. Daga nan inda nake kwance na ga bakinsa, an shafa masa fenti ja da fari, ya miƙe har inda ganina ya ƙare. Tsayinsa ya kusa taƙi guda. Har baƙin sawun tayata yana nan a jikin fentin.

Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da sun yi, da na ji sauƙi, da na tashi na taya su, mu ce tsautsayi ne. Kasuwa guda ta yi tsit, ina jin kukan wata tunkiya daga nesa.

Nomau da Isuhu suka ɗaga ni, na zauna a bakin abin da na rantse babu shi, ina share jini a leɓe. Ko a lokacin ban daina neman mafita ba. Na fara cewa ai kowa yana tuntuɓe, rigar ce ta yi mini yawa. Ina cikin wannan bayani na lura ba ni suke kallo ba, wani abu suke kallo a damana. Na juya kaina gaba ɗaya. Ƴar sandan ce a durƙushe dab da kafaɗata, ta kakkaɓe hulata tana miƙo mini da hannu biyu. Ban san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Daga yadda Isuhu ya rufe bakinsa da hannu, na san ta daɗe.

Ta zagayo ta gabana ta sa mini hular a hannu. Ta yi ƙasa da murya yadda jama'a ba za su ji ba, amma komiser da Isuhu sun ji.

"Baba, jiya wata mata na tahe da goyo nan bisa. Da ba ta yi tsalle ta hwaɗa cikin lambatu ba, da tayarku ta dama ta take ta. Na zaci kun gan ta kunka ƙi kulawa, shi yas sa nir rubuta. Ku gahwarce ni, ban sani ba."

Ita ce take ba ni haƙuri. Sai a lokacin na gane salatin da matan suka yi, da dalilin da ya sa suka sauka ba sallama. Kunyar faɗuwa ta bar ni, wani abu da ya fi ta nauyi ya zauna a wurinta. Na yi ta tunanin hanyar Bangi, da mutum goma sha tara a bayana kowace rana, da yawan abin da ya wuce ta damana cikin shekara biyu ban sani ba.

Isuhu ya tsuguna ya ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce, "An daɗe."

Komiser ya karɓi takardar tarar daga hannuna, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a bar maganarta. Permi kuwa ya ce zai zauna a wurinsa har in kawo takardar likitan ido. Ya faɗe shi a hankali, kamar da gaske yana sa ran zan kawo. Na laluba aljihu na ciro makullin mota na miƙa wa Isuhu. Ya mayar da hannuwansa baya, yana girgiza kai, hawaye suna zubo masa, ya kasa karɓa daga hannun mutumin da ya goya shi. Muka tsaya a haka, ni hannu a miƙe, har Nomau ya sa hannu ya karɓa a madadinsa.

Bayan mako guda Isuhu ya kai ni Tawa wurin likitan ido. Ya duba, ya sake dubawa, ya tambaye ni me ya hana ni zuwa da wuri. Ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a ɗiga magani a tsare ɗan abin da ya rage. Da na zo tun farko, in ji shi, da an tsare da yawa. A hanyar dawowa aka zaunar da ni a gidan gaba, gefen fasinja. Hannuna ya yi ta neman giya shi kaɗai a duk gangara.

Yanzu ina zuwa tasha da safe in zauna a benci, a gaishe ni, a kawo mini shayi. Isuhu bai yar da ni ba, Allah ya yi masa albarka, amma ci da guminka daban, ci da tausayin mutane daban. Matar nan mai goyo na sa an neme ta don in roƙi gafara, ba a same ta ba. An ce baƙuwa ce ta zo cin kasuwa daga wani ƙauye.

In ƙananan direbobi suka zo suna kumfar baki an ba su tara, suna cewa za su je su yi gardama, sai a turo su wurina, wai ni ne na taɓa kai ƙara komisariya aka soke mini takarda. Haka ne, an soke. A duk Madawa ban san wani da ya yi gardamar tara ya ci nasara, sannan aka riƙo hannunsa zuwa gida ba, sai ni. Abin da nake gaya musu bai da yawa: je ka yi gardamarka, haƙƙinka ne. Amma kafin ka rantse a gaban hukuma cewa abu babu shi, ka bi ta wurin kai kaɗai, ba mai kallonka, ka taɓa da ƙafarka tukuna.